Lissafin Gualtiero

A rumbun ciyawa, bayan tuddan Piacenza,
ta kwana shekara ashirin da huɗu a ƙarƙashin tamfol.
Ornella ta yaye mata lulluɓi da hannu ɗaya,
tantabaru suka watse,
sai ga ta: ja, mai dogon hanci, kujera biyu tak,
kamar damisar da barci ya sace.

Yuro dubu ashirin da biyu, in ji Ornella.
Zuciyata ta biya tun baki bai taya ba.

Don haka na zo da Gualtiero,
bakanike mai yatsu tara,
wanda ba ya duban mota a fuska.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta,
ya daɗe har ƙararrawar coci ta buga sau biyu.
Ya fito, ya zaro maganaɗisu daga aljihu,
ya manna a ƙofa, ya kama.
Ya manna a kwiɓi, ya faɗi ƙasa.
"Nan babu ƙarfe," ya ce, "ƙullu ne aka shafe da fenti.
Gishirin da ake watsa wa titi da hunturu
ya cinye mata haƙarƙari tun kana da gashi a ka."

Ya lashi bakin fensir,
ya juya bayan takardar burodi.

Walda da sabon ƙasa, dubu tara.
A sauke inji a wanke masa ciki, dubu bakwai,
in fistin bai maƙale ba;
in ya maƙale, sai mu sake zama.
Kafireta biyu, ɗaya ta zama gidan zanzaro.
Birki, lagireto, waya da taya, dubu takwas.
Fatar kujera kuwa ɓeraye sun yi biki da ita;
akwai wata tsohuwa a Torino mai ɗinka irinta,
sai ka bi layi wata takwas, ka biya biyar.
Fitilar baya ta dama an daina ƙera ta.
Wani mutum a Jamus yana da guda,
kuma ya san shi kaɗai ke da ita.

Na ce ina so a mai da ta koriya,
koren ganyen zaitun, da sitiyarin katako.
Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.
"Dubu shida. Ran da ka tashi sayarwa
mai saye zai tsine wa koren, ya rage maka wasu shida."

Ya ja layi. Na haɗa da kuɗin saye,
sittin ta wuce tana waiwaye.
"In an gama, nawa kasuwa za ta ba ni?"
"Hamsin, ranar da ta tashi da fara'a."

Araha ba ta ado, na sani.
Na tuna rufin ɗakinmu mai yoyo,
da bokitin da Nives ke tarawa a gefen gado.
Duk da haka na buɗe ƙofa na durƙusa na shiga.
Gwiwata ta yi ƙara fiye da ƙofar.

A ƙaramin akwatin gaba na tarar da takarda,
ta yi rawaya, an ninke ta gida huɗu:
walda, inji, birki, fata, fitilar dama,
duk a kuɗin lira, da sifili rututu.
Gualtiero ya karɓa, ya yi shiru.
"Rubutun babana ne."

Ornella ta gyara ɗankwali.
"Amedeo yakan ce in furanni suka fito zai gyara ta.
Sun fito, sun faɗi, sun fito."

Na ninke sabuwar takarda a kan tsohuwar,
na ce ta yi mini haƙuri zuwa Litinin.
A hanyar gida ba mu yi magana ba.
Da muka isa gareji, kafin in juya,
na ga Gualtiero yana ture wata akori-kura gefe,
yana share wuri,
daidai tsawon dogon hanci da kujera biyu.