Tukwane Goma Sha Ɗaya

Chizuru ta bar mini tukwane goma sha ɗaya
a bayan gidanmu na Yamagata,
da almakashi mai tsatsa a kunne guda.
Ban san kan furen kiku ba.
Jirgin ƙasa na tuƙa shekara talatin,
agogo kawai na iya karantawa.

Maƙwabcina Genzo ya leƙo ta shinge:
tsinke ƙananan toho, ka bar ɗaya,
shi zai sha ƙarfin sauran.
Na tsinke, hannuna na rawa.
Ban tambaye shi ko haka ake yi wa tunani ba.

Sauran furanni rana suke bi.
Shi kuwa sai dare ya yi tsawo,
sanyi ya fara cizon yatsa,
sannan ya buɗe, fari fat,
kamar mai gaisuwar da ya makara da gangan
don ya tarar da ni ni kaɗai.

Uku sun mutu. Ruwa na cika musu.

Jiya na tafasa masu launin shunayya
da ɗigon ruwan tsami, yadda take yi.
Sai ga ni da kwano biyu.
Ɗaci kaɗan, zaƙi daga baya.
Na cinye nawa.
Nata na miƙa wa Genzo ta shinge.