Zoben Tukunyar Fortunata

A El Alto, inda gari ya ɗare kan tsauni
har iska ke yi wa baƙo rowar numfashi,
ruwa kan tafasa tun bai yi zafin kirki ba,
wake ya wuni a wuta yana taurin kai.
Shi ya sa kowane gida
ke da tukunya mai kulle tururi.

Ta Fortunata Apaza ta koyi tsegumi.
Fiii, ta gefen murfi,
tana tona asirin abin da ke ciki.
Dankali ya ƙi nuna, gas na ƙarewa,
jikoki uku sun zuba wa murhu ido.

Ta goya ta a mayafi mai ratsin ja da kore,
ta gangara kasuwar Alhamis
wurin Evaristo mai gyara,
wanda ya rataye zobba a ƙusa
kamar yankakkiyar albasa.

Ya zare tsohon. Baƙar roba,
ta bushe, ta tsattsage kamar kaushi.
Ya miƙo wani mai laushin kunnen jariri.
"Silikon ke nan. Asalinsa yashi ne.
Zafin girki bai narkar da shi,
sanyin Yuni mai daskarar da famfo
bai sa shi ƙagewa.
Ba ya sa wa miya ɗanɗanon taya.
Matse shi shekara guda, ki sake shi,
zai miƙe kamar ba a yi ba.
Amma kul! Ban da tsinin wuƙa,
ƙarzane kaɗan ya ishe shi yagewa.
Kada kuma maigida ya kai shi injin mota,
shi da fetur ba sa ga-maciji."

"Maigida ya rasu bara," ta ce.
Ya sunkuyar da kai,
ya mayar mata da sulalla biyu.

Da dare ta murɗa murfi.
Ƙarfe a sama, ƙarfe a ƙasa,
ba mai rusuna wa wani,
sai ɗan abin nan a tsakani
ya shanye matsin duka bai ce uffan ba.
Ta daɗe tana kallon wurin.
Ta san aikin. Shekara arba'in ta yi shi.

Can tukunya ta yi fito
ta ƙofar da aka yanka mata.
Ƙaramar jikar, Nayra,
ta zura tsohon zoben har kafaɗa,
tana zagaya ɗaki, wai ita mai awarwaro.