Hadarin Ƙasa

Ranar da muka kwashe fayil-fayil daga ofis
Mista Pritchard ya yanka kek.
Ya ce, "Mun bar takarda, mun ceci itatuwa,
lissafinmu kaf ya hau gajimare."
Na tafa tare da kowa.

Gajimaren nan kuwa na san gidansa.
Yana Slough, gab da inda bas ke sauke ni:
dogon gini ruwan toka, ba taga ko ɗaya,
sai shinge, sai kyamara, sai wani gurnani
da bai san Lahadi ba.

Maƙwabcina Ɗanjummai can yake kwana
yana yi wa injuna fifita.
Ya ce zazzaɓinsu ba ya sauka.
A ba su wuta su ci, a ba su ruwa su sha,
gari ya waye su ce ƙaro.

A garinmu in hadari ya haɗo
da gudu ake fito da bokitai.
Wannan shi ke miƙo nasa bokitin.

Bana ciyawar filin ƙwallo ta ƙone.
Tumatirina na bayan gida
da kofi nake auna masa ruwan wanke-wanke.
Ban ce ginin ne kaɗai mai laifi ba.
Amma jiya na tura rasit ɗari huɗu,
kowanne kwafi uku, don gudun ɓacin rana,
na kashe fitilar ofis, wai ina tattali.

Da na zo daidai shingen
na tsaya, na kasa kunne.
Cikin gurnanin nan
har da rasit ɗina.