Gilashin Tasi'u

Rumfata a Fam Santa take, taku huɗu da rabi,
tsakanin mai caja da mai lemon kwalba.
Shekara tara ina farke cikin wayoyin mutane
kamar mahauci, sai dai ni ba na zubar da jini.

Ran Talata Tasi'u ya zo da tasa a tafin hannu,
gilashi ya dare kamar fadama da rani.
Ya ce faɗuwa ta yi. Na ce to.
Na san tsagar faɗuwa, na san ta jifa.
Wannan da bango ta gaisa, ƙarfe biyun dare.

Da na haɗa ta, ta kawo haske.
Wallahi ban leƙa ba, ita ta leƙo ni:
"Jahili." "Ɓatacce." "Je ka sake shahada."
Duk a kan inda hannu zai kwana a salla,
ƙirji ko gefen cinya,
shi da wani da bai taɓa ganin ƙwayar idonsa ba,
wanda hotonsa ma raƙumi ne a gindin dabino.

Amma Tasi'un nan na san shi.
Shi ke kai tsohuwar layinsu wankin ƙoda
Litinin da Alhamis, a adaidaitarsa, ba ko sisi.
Yakan taka birki akuya ta gama shawara a titi.
Ya taɓa dawo min da canjin da na yi masa ƙari
tun daga Ɗorayi, ruwa na dukansa.
To wanne ne shi?
Mai babban yatsan nan da ke tofin dafi,
ko mai jiƙaƙƙiyar riga da dubu biyu a hannu?

Ga kuma Alhaji Nafi'u na layin bayanmu.
Kullum asuba addu'arsa ke tashin wayata,
da furanni, da "Allah ya haɗa kanmu".
Bai taɓa ce wa kowa kanzil ba,
bakinsa auduga, rubutunsa zuma.
Gyararriyar waya yake sayarwa a sabon kwali.
Na sani, don ni nake manna masa ledar.

Na kai wa Gwaggo Tabawa zancen a Yakasai,
ita da wayarta tocila ce kawai da kiran jikoki.
Ba ta ɗago daga tsintar wake ba, ta ce:
"Ba a sanin tsagar tulu sai an zuba ruwa.
Amma ruwan ba ɗaya ba ne, ɗan nan.
Wani da fushi yake yoyo, wani da kuɗi.
Kai da me kake yi?"
Na ce zan wuce, dare ya yi.

Da la'asar Tasi'u ya dawo karɓa.
Na ce gilashi ya yi tsada, a daina gaisawa da bango.
Ya yi dariyar wanda aka kama da hannu a tukunya.
Aka tayar da salla, muka shimfiɗa kwali bayan inji.
Ya ɗora hannu a ƙirji, na saki nawa,
kafaɗarsa a jikin tawa, bai matsa ba.
Wayar na aljihunsa, tsakanina da shi,
tana kaɗawa a ruku'u, tana kaɗawa a sujada:
mai raƙumi ya farka, yana neman abokin yi.

Muka sallame.
Na ga hannun ya gangara aljihu, ya tsaya a baki,
ya dawo ya ƙirga tasbihi a gaɓoɓin yatsu,
ya kai sha ɗaya,
ya sake gangarawa.

Ban san me ya rubuta ba.
Aka tayar da inji.
Yaron Alhaji na jirana da kwalaye shida.