Alkyabbar Babana

Tumaki bakwai aka yi wa aski saboda ita.
Inna Aljiya ta wanke ulun a rafin bayan Midiya,
ruwan ƙanƙarar dutse yana cizon yatsunta.
Ta kaɗa zare tun zaitun na kore har ya yi baƙi,
ta kafa masaƙa a jikin bango.
Matan unguwa suka zo da busasshen ɓaure da hira,
aka watsa gishiri saboda bakin mutane.
Ranar da aka yanke ta daga masaƙa
an turara dambun alkama,
an rangaɗa guɗa har kwari ya amsa.

Babana Lahdar ya yafa ta ya tsaya a ƙofa,
fari fat kamar hasumiya.
In zai shiga kasuwa ya wurga gefe ɗaya bisa kafaɗa,
in ya dawo, cikin hularta nake laluben dabino.
Wani dare tartsatsin garwashi ya huda ta a ƙirji.
Farin zare ya ƙare, Inna ta cike da ja,
ɗan tabo kamar ƙwayar rumman.

Sai masu awo suka zo da sarƙa da takarda.
Gonar sha'ir da kakana ya tsince wa duwatsu
ta wayi gari da sunan wani Bature,
aka jera mata inabin da ba ma shan ruwansa.
Kaka biyu Baba ya tsinka a kan ladan yini,
sannan muka naɗe tabarma, muka gangara birni.

Kasba, matakala kan matakala,
lungun da jaki biyu ba sa giftawa.
Mata cikin farin hayik, ido kaɗai a waje,
suna gangarawa gidan wanka da ƙullin kaya.
Tsofaffi a shagon gahawa, kofi ɗaya har la'asar.
Ni da katakon ƙullun burodi a ka
daga ƙofa zuwa ƙofa zuwa tanderun unguwa.
Baba yana dako a bakin teku,
tsohon buhu a doronsa.
Alkyabba ba ta dako, in ji shi,
sai ta kwanta a ƙasan akwati.

Hunturun da tari ya kama ƙanwata Zuhur
ya fita da ita a hammata bayan asuba.
Ya dawo da kwalbar magani.
Babu wanda ya tambaya.

Shekara ta zagayo.
A unguwar Turawa, inda ake kallonmu kamar ƙura a takalmi,
na tsaya gaban wani shago mai gilashi.
Katunan hoto jere a waya:
raƙumi, mai tallar ruwa, yarinya da tulun da babu ruwa,
sai wani mutum da ban taɓa gani ba,
zaune gaban bishiyar dabino ta fenti,
ya yafa ta a karkace kamar bargon aro.
A hoto ja yakan koma baƙi,
amma ɗa ba ya ɓatan ɗinkin uwarsa.

Buzid, da ya yi aji biyu a makarantarsu,
ya bi rubutun da yatsa:
“Wai, Balarabe. Irinsu.”
Shi ke nan?
“Shi ke nan.”

Ladan burodin kwana uku na ajiye a kan tebur,
mai shago ya ƙirga sau biyu.

Ban nuna wa Baba ba.
Inna na samu a saman soro tana shanya barkono.
Ta goge hannu a zani,
ta ɗora babban yatsa ta rufe fuskar mutumin,
ta daɗe tana duban bakin saƙar.
“Ka ga nan,” ta ce, “wajen nan,
nan ne zaren ya yi mini gardama.”