Ma'aikatan Ƙarƙashin Akurki

Ran Talata mai kai wasiƙu ya sauke kwali
a gonar Merle Hostetler, bayan garin Ephrata.
Na buɗe, sai dusa da 'yan ɗigo baƙaƙe,
kowanne da kaɗan ya fi ƙwayar gero,
suna ƙyalli kamar an shafe su da man gyaɗa.
Merle ya ce, "Sababbin ma'aikata ne, Jatau,
ba ruwansu da albashi ko hutun Lahadi."

Na sauka ramin da ke ƙasan kaji dubu tamanin,
inda kashi ya yi tudu-tudu yana huci,
inda ƙuda ya ci kasuwa tun watan Mayu.
Na zazzage su. Ko sallama babu, suka nutse.

Uwar takan nemi gefe mai danshi-danshi,
ta ajiye ƙwai ɗaya nan, ɗaya can,
kamar 'yar kasuwar da ba ta yarda da lalita guda ba.
Kwana uku, huɗu, ƙwan ya tsage,
'yar tsutsa mai jan kai ta fito da yunwarta.
Babu goyo, babu nono,
kalacinta na fari ƙwan ƙuda ne.
Ta ci har riga ta matse ta, ta tuɓe,
ta koma kan tsutsar ƙuda, tsutsa na cin tsutsa.
Sai ta gina ɗaki da ɓurɓushin taki,
ta toshe ƙofa, ta yi shiru mako guda.
Na sha tona wajen da tsinke, na haska tocila,
ban taɓa kama lokacin da ake ƙera ta ba.
Ta fito ja-ja, jiki da laushi,
kafin in sake leƙawa ta sa baƙin sulke,
ta shiga farauta inda uwarta ta tsaya.

A Agusta, Lorene Weaver ta tsallaken titi,
wadda ta yi rantsuwar kai mu ƙara,
ta shanya fararen zannuwan gado a waje.
Ni ma na sha shayina a bakin ƙofa
ban kaɗa hannu ko sau ɗaya ba.

Da sanyi ya kawo kai, muka zo kwashe rami.
Na kai shebur kusurwar ƙarshe,
Merle ya riƙe mini hannu:
"Bar wannan tudun, akwai mutane ciki."
Na bar shi kamar yadda kakata ke barin iri a rumbu,
na kashe fitila, na haura sama.