Inda Aka Koma

Ƙarfe ɗayan dare a Panteka.
Maƙera sun tashi, sun bar warin walda a iska.
Saura ni da fitila, da koren allo mai faɗin tafin hannu,
da ƙwayar filash da ba ta kai gyaɗa ba.
Sikelin Hajiya Tasallah ne, mai awon masara a Kawo.
So take ya riƙa tuna wa ya ɗauka, buhu nawa,
ko da wuta ta tafi.

Ranar da na ce wa Inna direba nake rubutawa,
ta ce, "Na wace mota?"
Na yi dariya, ban amsa ba.

Ƙwayar nan tana da hali.
Ba ta yarda a gyara rubutu a inda yake.
Ɗaya ya koma sifili, babu gardama.
Sifili ya koma ɗaya? Sai an share layin ɗakuna kaf,
kuma kowace shara tana cin daɓe.
Dubu ɗari, in ji takardar masu ƙira,
daga nan sai rami.

Don haka ba na barin kowa ya daɗe wuri guda.
Bashin Malam Jazuli, buhu huɗu da rabi,
jiya yana ɗaki na sha bakwai.
Yau ya rage biyu, na kwashe shi zuwa ɗari biyu da shida.
Sikeli bai sani ba, tsohuwar lamba yake kira.
Ni ne a tsakani da jadawalina
ina cewa: ya tashi, bi nan.

Haka Yohanna mai shago ya yi mana a Kakuri.
Shekarar da muka haye gada da katifa biyu da tukwane,
wasiƙun masaƙa ba su daina zuwa tsohon gida ba.
Ya karɓa, ya soke adireshi da biro,
ya rubuta sabo, ya miƙa wa ɗan acaba.
Shekara shida yana yi.
Takardar sallamar Baba ma ta hannunsa ta bi.
Littafi ɗaya gare shi, mai jan bango:
wane ya koma ina.

Abin tsoro tsakiyar ƙaura ne.
An ɗaure kaya, ba a rubuta masauki ba,
NEPA ta ɗauke.
Shi ya sa nake fara shimfiɗa a sabon ɗaki,
in duba, in sake dubawa,
sannan in taɓa jadawali,
sannan in saki tsohon mukulli.

Na zare batir da gangan sau arba'in da uku.
Sau arba'in da biyu Jazuli ya dawo da bashinsa cif.
Sau ɗaya ya ɓace, shi da masararsa,
babu shi a can, babu shi a nan.
Wannan ɗayan ne ya hana ni tafiya gida.

Ɗaki na tamanin kuwa ya ƙi sharuwa.
Na lallaɓa, na matsa, ya ƙi.
Na sa masa alama: kada a ƙara saukar da kowa.
Yana nan a taswira, ba a goge lambarsa ba,
kewaye shi dai ake yi,
yadda Inna ke ce wa mai keke ya bi ɗaya layin
duk ranar da muka je gaisuwa hayin kogi.

Ladan ya fara gyaran murya a masallacin bakin titi.
Shayina ya huce tun ɗazu.
Na mayar da batir, lambobi sun farka,
na sa yatsa kan waya,
ina jiran daidai tsakiyar rubutu.